Ina danna noton C a fiyano kwamfuta na ba ni D, ga biki ranar Asabar

Ɗan Sitidiyo: Salamu alaikum manya, ku agaza min. Waƙar amarya na karɓa, ƴar ƙanwar maigidana ce, har sun ba ni rabin kuɗi na saka a gyaran janareta. Mawaƙin daga Zariya ya zo, kwana biyu muna ɗaukar murya saboda mura ta kama shi, ya koma jiya. Yau na zauna zan ƙara goge da algaita, duk abin da na danna a fiyano sai ya fito sama da muryar. Na kashe na kunna sau uku. Wallahi kaina ya kulle.

Injiniya Babba: Ƙanena, ba sai ka faɗa ba, na san ciwon. Ka ɗauki murya a saitin saurin ɗaukar sauti na 44100, na'urar sautinka ta koma 48000. Shi ke nan sauti ya hau kusan rabin mataki ɗaya da rabi (rabin mataki shi ne tazarar maɓalli da na kusa da shi a fiyano), ya ƙara gudu. Shekara 15 ina wannan aiki.

Ɗan Sitidiyo: Oga, muryar tana nan daram, ba ta yi gudu ba. Abin da nake dannawa ne kawai yake hawa.

Hajiyar Amshi: Wace manhaja ma kake aiki da ita? Ba ka faɗa ba. Ka danna C ka duba inda ake zana notocin. In D ya bayyana, fiyanon ne ke turo shi haka, an bar maɓallin taransifos, mai ɗaga sauti ko sauke shi, a +2. In C ya bayyana amma kunne na jin D, matsalar tana cikin kayan kiɗan da ka loda, ko asalin noton samfurin.

Injiniya Babba: Hajiya, da girmamawa, 48000 ce. Ya duba tukuna.

Mai Kalangu: Ni abin da yarona ya yi min ke nan. Ya sauke wa wata mai amshi kiɗa don muryarta ta kai, bai mayar ba, bai faɗa ba. Sai da na sake zubin waƙa uku. Yaran yanzu ba koyo ya kawo su ba, hoto suke zuwa ɗauka da belun kunne.

Ɗan Sitidiyo: Ba mai taɓa min fiyano, da zane nake rufe shi. Shekara shida yana hannuna bai taɓa ba ni kunya ba.

Hajiyar Amshi: To lokacin da mura ta kama mawaƙin, ba ku canza masa kii ba, wato ku ɗaga ko ku sauke masa kiɗan?

Ɗan Sitidiyo: Wannan daban ne Hajiya, shekaranjiya ne.

Baban Nana: Kai dai ka zaɓi notocin duka ka ja su ƙasa da rabin mataki biyu, ka miƙa aiki. Amarya ba ta san C ba.

Injiniya Babba: Faci ke nan. Ka turo hoton saitinka in nuna maka.

Ɗan Sitidiyo: An ɗauke wuta. Akwai wanda ya san inda ake sayar da na'urar sauti ta hannu a Kano?