Neman shawara: zan kawo maiɗakina 'yar Japan da ɗanmu gida, mu biya ta Umra

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 9 ina zaune a Saitama, ƙasar Japan, ina sana'ar tura motoci da kayan gyaransu zuwa gida. Maiɗakina 'yar Japan ce, ta musulunta kafin aurenmu, kuma Allah ya ba mu yaro ɗaya wanda yanzu ya shekara 3. Mahaifiyata a Kano ba ta taɓa ganin jikanta ba sai ta waya, kuma jikinta ya fara rauni, shi ya sa na ƙudurta mu zo gaba ɗaya a hutun ƙarshen shekara, mu yi Umra a kan hanya. Maiɗakina ta saba ta ɗauki jan fasfonta ta shiga Faransa ko Turkiyya ba tare da biza ba, don haka tana ganin Najeriya ma haka take. Ina neman wanda ya taɓa bin wannan hanya ya faɗa mini abin da za ta buƙata, da fasfon da ya kamata yaron ya yi tafiya da shi, da kuma ko ya dace in nema mata zama 'yar ƙasa don mu huta da neman biza.

Amsa daga wani mazaunin Nagoya:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Gaskiya ne fasfon Japan yana da ƙarfi, domin da shi ana zama kwana 90 a ƙasashen Turai na yankin Schengen babu biza, Amurka kuwa izinin ESTA kawai ake cikewa ta intanet, Ingila ma tun watan Janairun 2025 ta ce sai da irin wannan izini mai suna ETA. Amma Najeriya ba ta cikin wannan sahu, dole ne uwargida ta sami biza kafin ta hau jirgi. Ka tuntuɓi ofishin jakadancinmu da ke Tokyo, ka tanadi takardar aure da wasiƙar gayyata, ka kuma tabbatar akwai sauran aƙalla wata 6 a fasfonta. Abin da ya fi makarar da mutane shi ne katin allurar shawara. A Japan ba kowane asibiti ke yin ta ba, sai cibiyoyin da hukuma ta ware, kuma sai ka kama layi tun da wuri. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Ni da na yi sakaci, sai da na ɗaga tikitin iyalina da mako biyu.

Amsa daga wata 'yar uwa a Osaka:

Malam, tambayarka ta ƙarshe ce ta sa na kasa yin shiru, kuma ina roƙonka da Allah kada ku yi gaggawa a kanta. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma sashe na 11 na dokar ɗan ƙasa ta Japan ya ce duk wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da zaɓin kansa ya rasa zamansa ɗan Japan nan take, ko ya sanar ko bai sanar ba. Ke nan ranar da aka ba ta takardar, ranar za ta zama baƙuwa a garin iyayenta, kuma idan izinin zamanka na mijin 'yar ƙasa ne, kai ma abin zai taɓa ka. Wahalar biza ta 'yan makonni ce, wannan kuwa gyara shi yana da wuyar gaske. Yaron lamarinsa daban ne, domin da ƙasashen biyu aka haife shi, kuma dokar ta ba shi har ya kai shekara 20 kafin ya zaɓa. Abin da muke yi da nawa yaran shi ne su fita Japan su dawo da shuɗin fasfonsu na Japan mai shekara 5, su shiga Najeriya da koren.

Amsa daga wani Alhaji a Tokyo:

Batun Umra ya fi mata sauƙi fiye da kai. Tun 2019 Japan tana cikin ƙasashen da Saudiyya ke ba bizar yawon buɗe ido ta intanet, mai shekara ɗaya, kuma ana yin Umra da ita, sai dai ban da aikin Hajji. Kai mai koren fasfo hanyarka daban ce, ka fara neman taka bizar kafin ku biya kuɗin otal. Ta riƙe takardar musuluntarta a jaka, tun da sunan da ke fasfonta na Japan ne. Ku yi allurar sanƙarau, kuma idan daga Kano za ku wuce Jidda za a nemi katin shawara da na shan inna.

Mazaunin Nagoya ya ƙara da cewa:

Na manta ban faɗa maka ba, uwargida ta yi rajista a Tabi-reji, wato tsarin rajistar matafiya na ma'aikatar harkokin wajen Japan, domin ofishin jakadancin Japan a Abuja ya riƙa aiko mata da sanarwa. Ma'aikatar tana da matakan gargaɗi 4 kan tsaro, kuma surukanka za su karanta abin da aka rubuta kan Arewa, gara kai ka fara zama da su ka yi musu bayani. Kai kuma kada ka bar katin zamanka a gida, ka nuna a filin jirgi cewa za ka dawo cikin shekara guda.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. 'Yar uwa ta Osaka, na karanta wa maiɗakina bayaninki jiya da dare, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce mun bar wannan magana. Gobe da safe zan kira cibiyar allura, ranar Litinin kuma in je Tokyo kan koren fasfon yaron.