"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as": har da wadda ta riga ta mayar da kazar?

Ladi ta Aboabo: Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai wata 'yar'uwa a ikilisiyarmu nan Kumasi da ta taɓa riƙe adashin mata a kasuwar Kejetia. Lokacin da mijinta yake kwance ta taɓa kuɗin. Daga baya ita da bakinta ta faɗa, ta biya har sidi na ƙarshe. Amma har yau in fasto ya ambaci sata sai ta sunkuyar da kai, ta ma daina zuwa Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu. Wata ta ce mini ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan karin magana ya dace da ita?

Baba na Asawase: Bai dace ba, 'yata. Ɓarawo ne ya cusa kaza a aljihu, wani can yana korar kajinsa ya ce "as!", shi kuma gabansa ya faɗi, don kazar tana iya motsi ta tona masa asiri. Nauyin maganar duka yana kan cewa kazar tana nan. Wadda ta furta ta kuma biya, aljihunta wayam.

Ɗan Bantama: Baba, a gafarce ni. Yadda muke ji a zango, duk mai tsarguwa ake faɗa wa wannan. Kuma tsarguwa tana da amfani. In mutum ya yi laifi yau, gobe ya shigo yana tafi kamar ba kome, ba tuban muzuru ke nan ba? A bar ta ta ɗan ji kunyar.

Mama ta Tafo: Ɗana, har yaushe? Ka buɗe Matiyu 27. Yahuza, almajirin da ya ci amanar Yesu, ya mayar da azurfa talatin ɗin da aka biya shi, ya ce ya yi zunubi. Manyan firistoci suka ce ina ruwansu. Ya zubar da kuɗin a Haikali, ya tafi ya rataye kansa. Ka ga ya mayar da kazar, amma ya zauna shi ne mai ƙara, shi ne alƙalin kansa. Bitrus kuwa sau uku ya yi musun Ubangiji, ya yi kuka mai zafi, amma bai guji 'yan'uwa ba. A Yohanna 21, a bakin Tekun Tibariya, sau uku Yesu ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, kowane karo yana damƙa masa tumakinsa. Bai ce masa ya koma baya ya ɗan ji kunya tukuna ba. Bulus ma a 2 Korintiyawa 7:10 ya raba su gida biyu: akwai baƙin cikin da ke kai mutum ga tuba, akwai wanda ke kai shi ga mutuwa. Wanda ke hana mace teburin Ubangiji bayan ta tuba, ni dai ba zan kira shi mai amfani ba.

Ɗan Bantama: Na ji, Mama. Amma Zakka, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, ninki huɗu ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta. Gafara ba ta soke biya ba.

Baba na Asawase: Ai ta biya. Abin da ya rage zuciyarta ce ke ta ce mata "as". 1 Yohanna 3:20 ta ce ko zuciyarmu ta ba mu laifi, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome. Romawa 8:1 kuma ta ce babu hukunci ga waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ladi, ki karanta mata su a hankali, ba sau ɗaya ba.

Mama ta Tafo: Ba zuciyarta kaɗai ba, Baba. Wadda ta jefa mata karin maganar nan ma tana cikin masu cewa "as". Mu mata mun san yadda ake yin shiru in mutum ya shigo taron zumunta.

Ɗan Bantama: Wannan kam gaskiya ne. Amma har yanzu ina ganin kada a sake ba ta riƙon kuɗi da wuri.

Ladi ta Aboabo: Yaya, ba ta nemi riƙon kuɗi ba. Ranar Lahadi zan biya gidanta mu hau trotro, motar haya, tare zuwa coci, in zauna kusa da ita. Mama, ko za ki iya zuwa ranar? Ta fi jin maganar manya.

Mama ta Tafo: Zan zo, in Ubangiji ya yarda. Ki faɗa mata tun yau.