Neman shawara: 'yan adashenmu za su zuba kuɗi a gonata amma ƙasar ta gaji

Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a ba ni shawara. Ina da gonar gado a wajen Deba, shekara da shekaru masara muke shukawa muna watsa takin zamani har ƙasar ta mutu, yanzu in ka damƙo ta kamar toka take zubewa ta tsakanin yatsu, ruwa na sauka kuma ya kwashe ta ya yi kwari da ita. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 buhun taki ya fi ƙarfina. So nake in farfaɗo da ita, in riƙa juya masara da wake da gyaɗa, in bar kara a gona, in yi magana da Fulani shanu su kwana a ciki bayan girbi. Mu sha biyu ne a adashenmu, yawanci 'yan kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, sun ce za su sa kuɗi a gonar da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da ƙanwata ke yi, amma riba suke so a kaka ɗaya, ni kuma na san gyaran ƙasa ba aikin damina ɗaya ba ne. Ya zan yi kar zumunci ya ɓaci?

Malamin gona, Kumo: Wa alaikumussalam ƙanina. Faɗa musu gaskiya tun yanzu, shekarar farko amfani ma zai iya raguwa. Kuma ka daina tone kututture lokacin sharar gona, musamman gawo, shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma taki ne. Haka manoman Maraɗi suka dawo da gonakinsu tun shekarun 1980, tohon kututture kawai suke gyarawa su bar masu ƙarfi. Ka leƙa ofishin ACReSAL na jiha ma, wani shirin gwamnati ne da Bankin Duniya ke tallafa wa, aikinsu kenan gyaran ƙasar da ta lalace.

Hajiya mai abinci, Gombe: Ɗana ka raba kuɗin gida biyu wallahi. Man gyaɗa duk sati kuɗi na juyawa, masu gaggawa su shiga nan, gonar kuma sai masu haƙuri. Ni na taɓa haɗa jari da wata ƙawata ba rubutu, injin niƙa ya lalace kowa ta ce ba ita ba, har yau ba ma gaisawa yadda muka saba.

Ustazu, Bajoga: In sun yanka maka ƙayyadadden abin da za ka ƙara musu ko an samu ko ba a samu ba, wannan kuɗin ruwa ne. Ku yi mudaraba, nasu jari naka aiki, a raba riba bisa kason da kuka amince, in asara ta zo ba da sakacinka ba a kan jari take, kai wahalarka ce ta tafi. A rubuta, a sa shaidu.

Ɗalibi, Kashere: A Amurka akwai masu irin wannan, Slow Money, haɗuwa suke su ba ƙananan manoma da masu sana'ar abinci na yankinsu jari su jira. Ku ma ku yi rajistar ƙungiyar gama kai.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka da alheri. Hajiya shawararki ta shige ni. Ranar Asabar zan kai su gonar su damƙi ƙasar da hannunsu kafin mu zauna maganar kaso. Ustazu in hali ya yi kai za ka rubuta mana.