"Wawan zomo, Trix na yara ne": karin magana ce ko talla?

Baban Ikram: Jama'a, ɗana ya nuna min wani barkwanci a waya. Wai akwai tsohon tallan talabijin a Amurka na Trix, abincin safen nan na kwali da ake zuba wa madara, na kamfanin General Mills. Tun 1959 wani farin zomo ke ɓad da kama don ya samu ko loma ɗaya, kullum sai yara su gano shi su ƙwace kwano, su ce, "Wawan zomo, Trix na yara ne!" Yanzu a intanet sai a cire Trix da yara a sa abin da aka ga dama, a jefi duk wanda ya miƙa hannu ga abin da ba nasa ba. Shin ta zama karin magana?

Malamin Adabi: Alhaji, ni dai ban yarda ba. Karin magana ba ta da uba. Wannan kuwa an san masu ita, kuɗi suka biya aka rubuta ta don a sayar da kaya. Kuma muna da tamu: kwaɗayi mabuɗin wahala.

'Yar Damagaram: Malam, ka yi wa zomo rashin adalci. Ina kwaɗayi a kwano ɗaya? Hotonsa ne fa a jikin kwalin, da fuskarsa ake cinikin, amma a hana shi ɗanɗanawa. Shi ya sa waɗanda suka tashi da tallan, da suka girma, suka koma bayan zomon, suna zana yaran a matsayin marowata. Ni a wajena ta fi kusa da kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Baban Ikram: Hajiya kin ba ni dariya. Ashe ma a 1976 da 1990 kamfanin ya sa yara jefa ƙuri'a, a ba shi ko a hana shi. Suka ce a ba shi. Ya cinye kwanonsa, daga nan aka koma gidan jiya.

Malamin Adabi: To kun gani, ma'anar ma ta rabu biyu. Mai faɗa yana nufin "tsaya matsayinka", mai ji yana jin rowa.

'Yar Damagaram: Ai haka karin magana take, Malam. Kai ma ka sha jin a bar kaza cikin gashinta daga bakin mai rufa asiri da kuma bakin mai tsoron a tona. Kuma wanda ke rubuta ta yau bai damu da Trix ba, wataƙila bai taɓa cin sa ba.

Mai Shayin Layi: Ni abin da ya ɗaure min kai zomon ne. Namu na tatsuniya shi ke yi wa zaki da kura wayo. Wannan wane irin zomo ne da yara 'yan firamare ke kamawa shekara sittin da ɗoriya? Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma waɗannan ko tashi daga kan tebur ba sa yi.