Me zan gaya wa yaron da ya ce don me Yesu bai tsawata wa ruwan Alau ba?

Malamar makarantar Lahadi: Salama 'yan'uwa. Ina koyar da yara 'yan shekara 9 zuwa 12 a Maiduguri. Ranar Lahadi muka karanta Markus 4:35-41, inda Yesu ya farka daga barci cikin jirgi, ya tsawata wa iska da ruwa, wuri ya yi tsit. Ina rufe baki, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to don me bai tsawata wa ruwan Alau ba?" Gidansu yana cikin waɗanda ambaliyar Satumbar 2024 ta ci, lokacin da madatsar ruwan Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle, har yau a gidan kawunsa suke raɓe. Na ce masa sai mako mai zuwa, don gaskiya bakina ya mutu. Ku taimake ni.

Wani matashi: Ki gaya masa mu ma an ba mu iko. Da an tashi tsaye da azumi da addu'a, da ruwan ya tsaya. Ai Yesu da kansa ya tambayi almajiran ina bangaskiyarsu.

Dattijon ikkilisiya: Ɗana, a bi a hankali. In ta faɗa masa haka, yaron zai tafi gida yana ganin iyayensa ne suka gaza addu'a. Duba inda labarin ya ƙare, a aya ta 41. Almajiran ba su ce bari mu ma mu gwada ba. Tsoro ne ya kama su, suna tambayar juna ko wane ne wannan da iska da ruwa ke masa biyayya. Yahudawa ne, sun tashi da Zabura 89:9 da 107:29, sun san Allah kaɗai ke kwantar da haukan teku. Ga kuma wanda yanzun nan yake barci a kan matashin kai ya yi aikin da na Allah ne. Abin da Markus ke nuna mana ke nan, wane ne Yesu. Babu inda ya yi alkawarin hadari ba zai sake tasowa ba.

Bulus fa? A Ayyukan Manzanni 27, dare goma sha huɗu guguwa tana wasa da jirginsu, ba ta lafa ba, jirgin ya farfashe. Mutum 276 suka kai gaci, wasu da iyo, wasu kan katako. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Ɗalibin tauhidi: Ƙari kan maganar Baba: Tekun Galili, inda Yesu ya tsawata wa iskar, tafki ne, tsawonsa kamar kilomita 21, yana kwance wajen mita 200 ƙasa da matakin teku, tsaunuka kewaye da shi. Iska kan gangaro ta birkita shi farat ɗaya. Bitrus da Yahaya masunta ne a wurin, in suka firgita, to abin ya kai.

Mama daga Zumuntar Mata: 'Yata, ni ban yi karatun tauhidi ba, amma ruwa ya kai mini ƙirji a daren ambaliyar. Tambayar yaron ai ita ce ta almajiran a aya ta 38: Malam, ba ka damu mu hallaka ba? Ki nuna masa ita da yatsa, ya ga bai yi saɓo ba. Kada ki ji kunyar cewa ba ki san dalili ba. Sannan ruwan nan bai zaɓi gidan Kirista ko na Musulmi ba, kuma waɗanda suka ciro ni ban tambayi addininsu ba.

Malamar makarantar Lahadi: Na gode Baba, na gode Mama. Zan fara da aya ta 38, sai labarin Bulus, in bar shi ya ba mu labarin yadda suka fita a daren, in yana so. Mama, littattafansa ma ruwa ya tafi da su. Ko Zumunta na da wani abu a asusu?

Mama daga Zumuntar Mata: Ki same ni bayan sujada.