Ina za mu kafa tanti a bakin kogin Kaduna?

Baban Hanifa:
Salamu alaikum. Yarana sun ga bidiyon wasu iyali a Amurka, sun ja mota mai gado da kicin a ciki, sun kwana bakin rafi. Tun ranar ba su bar ni na huta ba. Na sayi tanti na gwanjo a Kasuwar Barci, mai cin mutum huɗu. Ina ya dace mu kwana?

Ɗan Kabala:
Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ba yanzu ba. Agusta da Satumba kogin nan cika yake yi, da idona na ga ruwa ya shiga gidaje wajen Kigo Road. Bari hunturu ya shigo, ruwa ya janye, duwatsu su fito. Sauro ma ya ragu.

Maman Abba:
Yaya, ni kwanan ne hankalina bai kwanta da shi ba, ga yara, ga halin tsaro. Ka kai su Gamji, wurin shaƙatawa na bakin kogin, da rana, su ci abinci kan tabarma, su ga gadar Lugga da aka fara ginawa a Zungeru a 1904 kafin a dawo da ita Kaduna. Da magariba ku dawo, a kafa tantin a tsakar gida.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai. Disamba ke nan, in sha Allah. Hanifa har ta ɗauko fitilarta.