Ɗumama jiki kafin a fara zagayen golf: me ake yi, minti nawa?

Sabon shiga:
Assalamu alaikum manya. Wanda zai buga ramuka 18 da safe, me ya kamata ya yi kafin bugun farko, kuma minti nawa ya isa? Da yawa cikinmu daga mota sai wurin bugu, kuma ramuka uku na farko kullum lalacewa suke yi.

Mai koyarwa, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ka iso fili saura minti 40. Minti bakwai na jiki ne, ba ƙwallo. Sha biyar a wurin gwaji, biyar na gajeren bugu a gefen girin, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da rami, goma na tura ƙwallo cikin rami, sauran kuma na tafiya wurin farawa ba tare da haki ba.

A wurin gwaji ƙwallo kamar 25 sun isa. Ka fara da gajeriyar sanda, wato wej, rabin lilo, ƙwallo shida ko bakwai, kana neman nisan mita 40 zuwa 50 kawai. Sai ayan, wato sanda mai kan ƙarfe, mai lamba 9 ko 8, ƙwallo biyar, sai mai lamba 6, biyar. Doguwar sanda ɗaya, uku. Direba, wato sandar bugu mafi nisa, ita ce ta ƙarshe, huɗu ko biyar, ka tsaya. Dalili shi ne direba ta fi kowace tsawo kuma ita ke neman mafi faɗin juyawar kafaɗa da ƙugu. Wanda ya fara da ita jiki a sandare, hannu kaɗai zai yi aiki, fuskar sanda ta iso a buɗe, ƙwallo ta karkace dama idan na-dama ne. Daga nan sai ya fara gyare-gyare a kan matsalar da ba ta lilonsa ba ce, ta sanyin jiki ce.

Abin da na fi jaddadawa: wannan lokaci ba na gyaran lilo ba ne. Idan yau ƙwallonka na ɗan lanƙwasa dama, ka karɓa, ka saita ɗan hagu ka buga zagayenka. Gyara sai bayan an tashi.

Likitar gashin ƙashi:
Malam ya yi daidai, amma minti bakwai ɗin nan su ne ake yi wa riƙon sakainar kashi. Wuraren da golf ke ci su ne ƙasan baya, gwiwar hannu, wuyan hannu da kafaɗa. Ƙasan baya ba a yi shi don juyawa sosai ba; ƙugu da tsakiyar baya ne ke da wannan aikin. Idan su biyun sun ƙi sakewa, ƙasan baya ne zai biya bashin.

A fara da tafiya da sauri minti biyu ko uku har jiki ya ɗan yi ɗumi. Sai a dogara da sanda a lila ƙafa gaba da baya sau goma, gefe da gefe sau goma, kowace ƙafa. Tsugunno rabi sau goma. Sai a ɗora sanda a bayan kafaɗu, a ɗan sunkuya kamar za a buga, a juya dama da hagu sau goma sha biyar, a hankali da farko. Wuyan hannu a murza shi sau goma kowane ɓangare. Duka motsi ne. Miƙa tsoka a riƙe ta tsawon minti guda ko fiye kafin wasa yana ɗan rage mata ƙarfi na wani lokaci, wannan a bar shi sai an gama. Kuma kada a yi sunkuyo mai fizga don taɓa yatsun ƙafa da sassafe, musamman wanda ya yi doguwar tuƙi kafin ya iso.

Tsohon kadi (mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna), Jos:
Hajiya, a ƙara da batun hunturu. A filin golf na Rayfield a nan Jos, cikin Disamba da Janairu, sanyin safiya yakan sa minti bakwai su zama goma sha biyu. A bar rigar sanyi a jiki har a gama ɗumamawa, a cire ta in an fara gumi. Iska mai sanyi ta fi kauri, jiki ma bai saki ba, don haka ramukan farko ka ɗauki sanda ɗaya sama da wadda ka saba: inda kake buga 8, buga 7. Amma baƙo daga Legas ya lura, Jos tudu ce, sama da mita 1,200, idan rana ta ɗaga ƙwallo takan wuce nisan da ya saba.

Sai man shafawa. Hunturu na fasa hannu, mutane su shafa basilin su kama sanda. Mariƙi ya yi santsi, mutum ya ƙara damƙa, damƙa ta sandarar da hannu har kafaɗa. A wanke tafin hannu da sabulu kafin a fara, a goge mariƙin da jiƙaƙƙen tawul a busar.

Sabon shiga:
Na gode Baba. To filin da ba shi da wurin gwaji, ko mutum ya makara saura minti goma fa?

Tsohon kadi, Jos:
Minti uku na motsin da Hajiya ta faɗa. Sai ka haɗa sanda biyu, 8 da 9, ka lila su tare a hankali sau goma, nauyin zai buɗe kafaɗa. Ka ajiye ɗaya, ka yi lilo goma kana shafar ciyawa a wuri guda. Abin da ya rage ka kai shi girin gwaji. A rami na farko kuma ka bar direba a jaka, ka ɗauki sandar da ka fi yarda da ita ko da za ka rasa mita 20.

Mai koyarwa, Kaduna:
A girin gwaji, nisa kafin saiti. Ƙwallo uku daga mita 10 zuwa 12, kada ma ka nufi rami, ka nufi gefen girin ka ga inda za su tsaya. Ka yi hawa ka yi gangara. Raɓar safiya na rage gudu, zuwa hantsi girin ya bushe ya ƙara sauri, abin da ka auna ƙarfe bakwai ba zai tsaya haka ba. A filayen da yashi ne a maimakon ciyawa, ƙwallo ba ta lanƙwasa sosai kuma tana son bugu mai ɗan ƙarfi. Ka rufe da biyar daga mita ɗaya. Wani abu kuma: tabarmar roba a wurin gwaji tana rufa asiri. Sanda ta daki ƙasa kafin ƙwallo, ta zame ta buge ta lafiya; a ƙasar rani mai tauri wannan bugun ba zai je ko'ina ba. Ƙwallayen gwaji ma sau da yawa ba sa kai nisan naka, kada ka auna da su.

Alƙalin wasa:
Yallaɓai, ranar gasa akwai doka a ciki. A gasar da ake ƙirga jimillar bugu, doka ta 5.2 ta hana gwaji a kan filin gasar kafin ka fara, har da gwada girin na wani rami. An yarda da wurin gwaji, da gajeren bugu ko turawa a kusa da wurin bugunka na farko. Karon farko hukuncin ƙarin bugu biyu ne a kan jimillarka, na biyu kora. A wasan rami da rami kuwa, inda ake ƙirga ramukan da kowa ya ci, an yarda, sai dai in kwamiti ya hana.

Doka ta 5.3: ka kasance a wurin farawa a shirye kan lokaci. Makara da ba ta wuce minti biyar ba bugu biyu ce, ko rasa rami na farko a wasan rami da rami. Fiye da haka kora. Zoben nauyi da ake sa wa sanda, a yi amfani da shi kafin a fara, amma ba a lilo da shi a tsakiyar zagaye. Sannan ka ƙirga sandunanka bayan ka bar wurin gwaji. Sha huɗu ne iyaka, kuma a nan ne sandar aro ko ta aboki ke shiga jaka. Bugu biyu ne a kowane ramin da ka buga da ita a jakar, har zuwa bugu huɗu a zagaye.

Likitar gashin ƙashi:
Lokacin bazara kuma a rage. Maris da Afrilu jiki na saurin sakewa, ƙwallo 15 sun isa, a yi motsin a inuwa. A sha ruwa kamar rabin lita awa ɗaya kafin farawa, sannan kurɓa-kurɓa kowane rami biyu, kada a jira ƙishi. Idan an yi jira ya kai minti goma a wurin farawa, a sake juyawar nan da sanda a kafaɗa sau goma kafin a kira sunanka.